Furen da Ba Ya Jira: Sharhi Kan Zanen Tsirrai da Launin Ruwa

A wani dare na watan Mayun 1988, a kogin Rio Negro da ke cikin dajin Amazon na ƙasar Birazil, wata dattijuwa 'yar Ingila mai suna Margaret Mee ta hana idonta barci tana gadin toho guda ɗaya. Shekarunta sun kusa 79. Tsiron da take jira yana manne wa jikin bishiya ne a dajin da ruwa ke mamayewa, kuma dare ɗaya kacal furensa yake yi a duniya. Yakan buɗe bayan faɗuwar rana, kafin hantsi ya mutu. Ta shafe fiye da shekara 20 tana shiga dajin tana fita, ta sha ganin tsiron, amma ba ta taɓa riskar furensa a buɗe ba. A daren nan ta riske shi, ta zauna a jirgin ruwa tana zana shi da ɗan hasken da aka haska mata. A watan Nuwamban shekarar ta rasu a haɗarin mota a Ingila.

Wanda ya ji wannan labari yana da damar ya yi tambaya. A 1988 kyamara ta riga ta cika duniya, to me ya sa tsohuwa za ta kwana da fensir a hannu? Yau ma tambayar ta fi nauyi, tunda wayar da ke aljihun ɗan makaranta tana iya ɗaukar gashin bayan ganye, har akwai manhajar da za ka nuna wa tsiro ta faɗa maka sunansa. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Mujallar da William Curtis ya fara bugawa a Landan a 1787, Curtis's Botanical Magazine, har gobe tana fitowa da zanen hannu. A 2008 aka buɗe zauren Shirley Sherwood a lambun tsirrai na Kew da ke Landan domin irin wannan zane kaɗai, kuma ma'ajiyar lambun tana riƙe da zane sama da 200,000. Masanan da suka gano sabon tsiro har yanzu sukan nemi mai zane kafin su buga bayaninsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Da farko dai a rarrabe. Akwai mai zana fure don ƙawata ɗaki, shi kuwa yana da 'yancin ƙara ja ko rage ganye yadda ransa ya so. Mai zanen tsirrai ba shi da wannan 'yanci, domin matsayinsa na mai ba da shaida ne. Idan kunnuwan furen biyar ne, biyar zai zana. Idan ganyen suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin kara, haka za su fito a takarda. Yakan zana tsiron daidai girmansa, in kuwa ya ƙara ko ya rage sai ya rubuta ma'auni a gefe. Yakan juya ganye guda don a ga bayansa, ya tsaga fure da reza don a ga cikinsa, ya ajiye toho da ɗa da ƙwayar iri a ƙasan shafin, wani lokaci har da saiwa.

Me ya sa wannan tsanani? Mu dubi gonar da ke bayan gida. Furen kuɓewa da na rama da na yakuwa duk 'yan ɗaki ɗaya ne, fari-fari mai ratsin ɗorawa da jan ido a tsakiya, kuma wanda bai saba ba zai iya rantsewa abu guda ne. Bambancin yana wurin ganye, da siffar ɗan, da kuma ƙoƙon da ke riƙe da furen daga ƙasa. A jikin yakuwa wannan ƙoƙo shi ne ke kumbura ya yi ja bayan furen ya faɗi, shi muke tsinka mu shanya mu kira shi zoɓo. Mai zanen da ya shagala da kyan furen ya yi wa ƙoƙon riƙon sakainar kashi ya zana abin da ba shi da amfani ga kowa. Haka tafasa da rai-ɗore: furensu ɗorawa ne duka biyun, amma bakin ganyen tafasa a zagaye yake, na rai-ɗore kuwa mai tsini ne. Ɗaya ana kwaɗonsa, ɗayan magani ake yi da shi da taka-tsantsan. Kama da wane ba ta wane, kuma aikin zanen shi ne ya nuna inda kamar ta tsaya.

Daga wurin masu magani sana'ar ta taso. Wani likitan Girka mai suna Dioscorides ya rubuta littafin itatuwan magani a ƙarni na 1, kuma kwafinsa mai hotuna da aka yi a birnin Kustantiniyya wajen shekarar 512 yana nan a ajiye a Vienna. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, ya zaga ƙasashen Musulmi da zanensa. Sai dai wata cuta ta kama sana'ar tsawon ƙarnuka: mai kwafi yana kwafar zanen wanda ya gabace shi maimakon ya fita ya dubi tsiron. Kowane hannu ya ɗan karkace, har aka wayi gari hoton ba ya kama da komai da ke tsirowa a ƙasa. Maganin cutar shi ne komawa ga gani da ido. A 1503 Albrecht Dürer na Jamus ya zana wani ɗan gungun ciyawa da launin ruwa, ciyawar banza irin wadda ake takawa a bakin hanya, amma har yau masana suna iya nuna kowace su kira sunanta. A Indiya kuma, Sarki Jahangir ya rubuta cewa mai zanensa Ustaz Mansur ya zana furanni fiye da 100 a Kashmir, kuma ya yi masa laƙabi da Nadirul Asri, wato wanda babu kamarsa a zamaninsa. Ba abin mamaki ba ne Musulmi su yi fice a nan. An ruwaito cewa da wani mai sana'ar zane ya kawo kukansa wurin Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, sai ya nuna masa bishiyoyi da abin da ba shi da rai, ya ce ya nemi abincinsa a can.

Daga ƙarni na 17 sai jiragen ruwan Turai suka fara kwaso tsirran da ba a taɓa gani ba, kuma a nan ne launin ruwa ya zama sarki. Maria Sibylla Merian tana da shekara 52 ta bar Amsterdam a 1699 ta tafi Suriname da 'yarta, ta dawo da zanen da aka buga a 1705 cikin shafi 60, kowane tsiro tare da tsutsar da ke cin ganyensa. Da Carl Linnaeus ya tsara tsirrai bisa ƙirga sassan haihuwa da ke cikin fure, sai idon masu zane ya koma can ciki. Abokin aikinsa Georg Ehret ne ya zana masa jadawalin tsarin a 1736, kuma tun daga nan tsaga fure ya zama ƙa'ida.

Wahalar da waɗannan mutane suka sha ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ke nuna abin da suka ɗauki launi. Sydney Parkinson saurayi ne da ya bi jirgin Kyaftin Cook a 1768. A tsibirin Tahiti ƙudaje sukan cinye fentin yana kan shafa shi. Da tsirrai suka yi masa yawa a gaɓar Ostireliya, sai ya koma zana siffa da fensir, ya shafa launi a ganye ɗaya da fure ɗaya, ya rubuta bayanin sauran a baya. Atini ya kashe shi a teku a watan Janairun 1771, wasu suka ƙarasa aikin a Landan, kuma ba a buga shi cikakke da launi ba sai tsakanin 1980 da 1990. Ferdinand Bauer ɗan Ostiriya ya fito da dabarar da ta fi ba ni mamaki. Ya ba kowane launi lamba. A daji zai zana tsiron da fensir ya yayyafa masa lambobi, wannan a gefen ganye, wancan a tsakiyar fure, sai bayan shekaru ya zauna a ɗaki ya mayar da lambobin launi. A tafiyarsa ta Girka launukan nasa kusan 140 ne, daga nan aka samu zane 966 na littafin Flora Graeca. A tafiyar Ostireliya, wadda aka fara a 1801, lambobin sun doshi 1,000. Mutumin da ya iya bambanta kore iri ɗari a kansa, ya kuma tuna su bayan shekaru, ya horar da idonsa horon da kyamara ba ta buƙata kuma ba ta bayarwa.

Akwai gefen labarin da bai kamata a rufe ba. Yawancin tafiye-tafiyen nan na neman arziki ne, ana son a san wane tsiro zai yi kuɗi a dasa shi a wata ƙasar da aka mallaka. Kuma hannayen da suka yi aikin ba duka aka rubuta sunansu ba. William Roxburgh, shugaban lambun Kalkata, ya sa masu zane 'yan Indiya sun yi masa zane fiye da 2,500, ana kiran tarin da sunansa, su kuwa akasarinsu ba a san ko su wane ne ba. Merian ma ta rubuta abin da bayi 'yan Afirka da 'yan asalin ƙasar suka gaya mata na amfanin tsirrai, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Duk wanda ya buɗe waɗannan littattafai masu kyau ya kamata ya tuna da wanda ya shiga ƙaya ya tsinko reshen.

To me ya sa launin ruwa, ba fentin mai ba? Dalilin farko na tafiya ne: akwatinsa ƙarami, ruwa kawai yake buƙata, kuma yana bushewa nan take. Dalili na biyu ya fi zurfi. Kunnen fure abu ne shara-shara da haske ke ratsawa, launin ruwa kuwa haka yake. Hasken yana ratsa fentin ya bugi farar takarda ya dawo ido, shi ya sa furen ke fitowa kamar yana numfashi. Mai wannan aiki ba ya shafa fari, farin takardar ne farinsa, don haka dole tun kafin ya tsoma buroshi ya san inda zai bari. Wurin da ya rufe ya rufu.

Shi kansa fentin garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro, kuma a nan labarin ya zo ƙofar gidanmu. Ƙaron dakwara ne ke riƙe garin ya manne a takarda. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi a duniya, Chadi da Najeriya suna biye, daga dazuzzukan Borno da Yobe da Jigawa. Ƙaron da almajiri ke jiƙawa a tawadarsa don ta kama allo, shi ne a cikin akwatin mai zane a Landan ko Tokyo. William Reeves ya samu lambar yabo a 1781 saboda ya curo fentin ya zama 'yan dunƙule masu narkewa da ruwa, kamfanin Winsor & Newton kuma ya fito da mai laushi a 1835, amma ba su sauya ƙaron ba.

Aikin kansa na mai haƙuri ne. Takarda ta auduga ce mai kauri da santsi, domin mai kaushi tana karya siririn layi. Wasu sukan yi a kan fatar maraƙi da aka kankare ta yi sumul, wadda ba ta shan fenti, sai launin ya zauna a sama yana ƙyalli. Buroshi mafi daraja daga gashin jelar wata ƙaramar dabbar Saiberiya ake yin sa, saboda yana riƙe ruwa kuma bakinsa ba ya rasa tsini. Ana farawa da awo. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima, don haka akan auna tsawon ganye da faɗin fure kafin a ja layin fensir. Hasken akan sa ya faɗo daga sama ta hagu. Sannan a shafa launi tsararo, a bari ya bushe, a ƙara wani a kai, daga mai haske zuwa mai duhu, sau biyar ko sau goma. A ƙarshe sai a matse buroshin ya kusa bushewa a riƙa ɗiga jijiyoyi da gashi da ƙananan tabo. Shafi ɗaya yakan ci makonni.

Furen kuwa ba ya jira. Na kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin yamma ya langaɓe. Shi ya sa masu sana'ar ke fara kama furen, su bar ganye da kara sai daga baya, kuma su gwada launi a gefen takarda tun yana ɗanye. Kore shi ne babban abokin faɗa. Wanda ake sayarwa a kwaɓe bai cika kama da ganyen gaskiya ba, sai an haɗa shuɗi da ɗorawa an ɗan karya su da ja. Dubi tumfafiya kawai: korenta mai toka-toka ne, kamar an barbaɗa mata gari, kuma wanda ya shafa mata koren mangwaro ya yi ƙarya ko da siffar ta fita daidai. Jan launi ma yana da nasa sharrin, domin wasu tsofaffin jajaye suna koɗewa in sun sha haske, abin da ya sa ake ajiye tsofaffin zane a duhu. Wanda zai yi wannan aiki a ƙasarmu kuma yana da ƙarin abokin gaba, wato hunturu, lokacin da fenti ke bushewa a bakin buroshi kafin ya isa takarda.

Yanzu mu koma ga kyamara, mu ba ta haƙƙinta. Ta fi sauri, ta fi araha, tana nuna tsiro a mazauninsa, kuma ba ta da son zuciya. Babu mai hankalin da zai shiga daji yau ya bar ta a gida, masu zanen ma suna amfani da ita don tuna abin da ya yi yaushi. Amma hoto yana ba ka tsiro guda ne a rana guda: wannan reshen, da ganyensa da fara ta ci, da inuwar da ta rufe wurin da kake son gani. Mai zane yakan duba reshe goma ya fahimci abin da ya haɗa su, ya bar abin da tsautsayi ne ya jawo, ya haɗa furen damina da ɗan kaka a shafi ɗaya, ko'ina a fili babu dushi-dushi. Busasshen samfurin da ake mannewa a takarda a ma'ajiyar tsirrai shi ne hujjar masana, amma ya rasa launi ya kuma baje. Zanen ne ke mayar masa da abin da ya rasa. A ganina babbar ribar ma tana wurin mai zanen kansa, domin ba za ka iya zana abin da ba ka gane ba. Hannu yana tsayawa daidai inda fahimta ta tsaya, sai ka koma ka sake dubawa.

Sai dai wannan ƙarfi shi ne kuma rauninsa. Wanda aka ba ikon zaɓe yana iya zaɓen abin da ya fi kyau maimakon abin da ya fi gaskiya. Pierre-Joseph Redouté, wanda ya yi wa Josephine matar Napoleon aiki, ya buga littafin wardi tsakanin 1817 da 1824, kuma zanensa yana cikin zanen furen da aka fi kwafa a duniya. Gwani ne na gaske, amma wardinsa babu wanda tsutsa ta taɓa, kuma masu kwaikwayonsa sun ɗauki kyan sun bar ilimin. Walter Hood Fitch, wanda ya yi wa mujallar Curtis zane wajen 2,700, yakan tayar da tsiro daga busasshen samfuri ko daga zanen gaggawa na wani matafiyi. Baiwa ce babba, amma a irin wannan aiki zato yana iya shiga rigar shaida ba a sani ba. Shi ya sa nake ganin darajar Rory McEwen ɗan Sikotlan, wanda ya rasu a 1982. Yakan tsinci ganyen da ya faɗi a titi, mai huji da tabon ruɓa, ya zana shi a kan fata da irin kulawar da ake yi wa furen sarauniya. Masanin da ke neman siffar jinsi ba zai yi aiki da wannan ba, amma ya tuna wa 'yan sana'ar cewa tabo ma abin gani ne. Tsakanin waɗannan biyu kowane mai zane yake neman wurin tsayawa, kuma ni na fi amincewa da wanda, in ya rasa tabbas, zai bar wurin da fensir kawai.

Namu tsirran an rubuta su, an kuma zana da yawansu, amma galibi da baƙar tawada. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan shi da John Hutchinson na Kew suka fitar da babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. Sunayen daga bakin manoma da makiyaya da masu magani suka fito. Waɗanda suka san tsirran nan suna tsufa, dajin yana ja da baya, kuma ɗalibin da ya iya zayyanar allo ko zanen hula yana da rabin horon a hannunsa, saura awo da sanin sassan fure.

Da za a tambaye ni inda za a fara, da kuka zan ce. Kowa ya san miyarta da 'ya'yanta, amma ƙalilan ne suka tsaya suka dubi furenta, domin irin na Margaret Mee ne. Wajen shigowar damina yake fitowa, yana reto a ƙarshen doguwar igiya, kansa a ƙasa. Da magariba tohon yake tsagewa, cikin ɗan lokaci fararen kunnuwa biyar su naɗe sama, su bar wani tuntu na zare ɗaruruwa yana lilo, da wari mai kiran jemage. Mai zane zai buƙaci fitila, da kujera a gindin bishiyar, da takardar gwajin launi. Farin furen daga takarda zai fito, don haka aikinsa duka yana cikin inuwa: toka mai ɗan kore a cikin naɗin kunnuwan, ɗorawa tsararo a bakin zaren. Awonsa da layinsa dole su kammala a daren, domin washegari furen zai fara rinewa ya koma ruwan ƙasa, ya faɗo. Ganye mai yatsu zai same shi da damina, amma ƙwallon da za a fasa don a ga garin ciki, sai ya jira shi har bayan kaka.